Haƙƙin iyaye a makarantun gwamnatin Amurka: sa hannunku da fayil ɗin yaronku

A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yara miliyan 7.5 ne suke samun ilimi na musamman, wato tsarin koyar da yara masu naƙasa ko larurar da ke taɓa karatu, a makarantun gwamnati na Amurka. Kashi 15 cikin 100 ke nan na ɗaliban, kusan yaro ɗaya cikin bakwai. A cikinsu akwai 'ya'yan 'yan uwanmu Hausawan Gana da Nijar da Najeriya mazauna Bronx ta birnin New York da sauran garuruwan ƙasar. Galibi maganar takan shigo gida ne a cikin ambulan, takardun Turanci masu ƙananan rubutu, da wurin sa hannu a ƙarshe. Wasu iyayen sukan sa hannu nan take don kada a ce sun yi wa malamai gardama. Wasu kuma sukan ɓoye takardun su yi shiru, don gabansu ya faɗi da jin an ce ɗansu na da matsala. Ko wanne aka yi, yaron ne ke asara, domin dokar da ke bayan takardun nan an gina ta ne a kan cewa uwa ko uba za su karanta, su yi tambaya, su ce a'a in ta kama.

Iyaye ne ma suka haifar da dokar. Kafin 1975, Majalisar Dokokin Amurka da kanta ta tabbatar cewa akwai yara masu naƙasa miliyan ɗaya da ba a barinsu su taka makarantar gwamnati sam. Iyaye suka kai ƙara a jihar Pennsylvania da birnin Washington, suka yi nasara a 1972, sannan a 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilimin yara masu naƙasa. A 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA, aka yi mata babban gyara na ƙarshe a 2004. Alƙawarinta shi ne ilimi kyauta, wanda ya dace da yaron, daga shekara 3 har zuwa 21 a yawancin jihohi. Kyautar ta haɗa da gwaji, da mai koyar da magana, da mai gashin ƙashi, da tafintan yaren kurame, har da motar da za ta ɗauko yaron in yana buƙata. Kuma ba ruwan makaranta da takardun zaman iyaye. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Plyler, wadda ta taso daga Texas, cewa ba za a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da izinin zama ba.

Tsoron da ke kama iyaye da farko ya samo asali ne daga tunanin cewa ilimi na musamman na nufin a ware yaro a wani aji na daban, a yi masa tambarin da ba zai goge ba. Dokar tana da rukunin naƙasa 13, kuma mafi girma a cikinsu, kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ne na yara masu basira kamar kowa da karatu ko rubutu ko lissafi ke ba wahala. Sai masu matsalar furuci, sai masu larurar lafiya, sai masu galahanga, wato autism. Ciwon sikila da farfaɗiya da asma duk an ambace su da suna a ƙa'idojin dokar, in dai suna taɓa karatun yaro. Sannan doka ta wajabta a bar yaro tare da sa'o'insa iya gwargwadon abin da zai yiwu, shi ya sa kusan biyu cikin uku na yaran nan suke shafe mafi yawan yininsu a aji na kowa da kowa. Yaron da larurarsa ba ta kai a sauya masa koyarwa ba, sai dai a sassauta masa wasu abubuwa, yana da wata kariyar a sashe na 504 na wata doka ta 1973. Mai sikila, alal misali, za a iya rubuta masa izinin riƙe gorar ruwa a aji, da fita banɗaki ba tare da neman izini ba, da rama jarrabawar da ta wuce shi yana asibiti.

Komai yana farawa ne da gwaji, kuma ba sai an jira makaranta ba. Uwa za ta iya nema da kanta. Sai dai faɗa wa malama a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara ba ya barin shaida. A rubuta, ko da layi uku ne, a sa kwanan wata, a aika wa shugaban makaranta, a ajiye kwafi. Daga nan abu biyu ne gaban makaranta: ko ta kawo takardar amincewa ku sa hannu, ko ta rubuto muku dalilinta na ƙi. Daga ranar da kuka sa hannu, dokar tarayya ta ba da kwana 60 a kammala gwajin, sai in jiharku ta ɗiba nata wa'adin. In an tabbatar yaron ya cancanta, cikin kwana 30 za a zauna a rubuta masa tsarin karatunsa na kansa, wanda kowa a can ke kira IEP.

Sa hannu iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana rage fargaba. Yarda a yi gwaji ba yarda a sa yaro a tsarin ba ne. Bayan gwaji sai an sake neman amincewarku kafin a fara komai, in kuka ƙi kuma makaranta ba ta da ikon tilasta muku. Ko bayan an fara, kuna iya janye amincewar a rubuce. Don haka ƙin gwajin ba ya kare yaro daga komai, sai dai ya hana ku sanin abin da ke damunsa.

Maganar harshe ita ce ta fi shafarmu, kuma a nan kuskure yake faruwa ta ɓangare biyu. Yaron da ya taso da Hausa da Faransanci a Yamai, ko Hausa da Turancin Zango a Kumasi, ya shiga aji a Amurka, zai iya yin shiru wata da watanni. Wata makarantar sai ta ɗauki shirun nan a matsayin naƙasa. Wata kuma, yaron na da larura ta gaske, sai ta yi ta cewa a jira ya iya Turanci, shekara ta bi shekara. Doka ta hana a ce yaro na da naƙasa in asalin matsalar rashin Turanci ne, ta kuma ce a gwada shi da harshen da zai fi nuna abin da ya sani, sai in hakan ba zai yiwu ba ƙarara. Mai iya raba gardamar nan ita ce uwa. Ita ta san ko yaron yana haɗa magana da Hausa kamar sa'o'insa, ko yana riƙe sura in an biya masa, ko yana bin umarni biyu a jere in an aike shi. Masu gwajin ba su da wannan ilimin sai an ba su, kuma doka ta ce dole su saurara.

Su ma iyayen suna da haƙƙin harshe. Dole makaranta ta samo tafinta a taron IEP, ta kuma ba da sanarwarta da harshen iyaye, in hakan bai yiwu a rubuce ba a fassara musu da baki. A birnin New York, Faransanci da Larabci suna cikin harsunan da hukumar makarantu ke fassara takardunta da su kai tsaye, Hausa ba ta ciki, sai an nema. A nema. Abin da ba na so in ga ana yi shi ne a zaunar da yayar yaron, 'yar shekara goma sha biyu, ta zama tafinta. Yarinya ba za ta iya fassara rahoton masanin ƙwaƙwalwa ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa mahaifinta komai a gaban mutane ba.

Ga yadda taron yakan kasance. Tebur a ɗakin taro, malamar aji, malamar ilimi na musamman, wakilin gunduma, wato hukumar makarantun yankin, mai ikon amincewa da kashe kuɗi, da wanda zai yi bayanin sakamakon gwaji. Mutum huɗu ko biyar, kowa da kwamfutarsa, sun saba da juna, suna magana da gajerun haruffa. Uwa ita kaɗai a ɗaya gefen, ta baro aiki, tana kallon agogo. Tarbiyyarmu ta ce malami ya fi ka sani, ba a katse shi. Amma a doka uwar nan mamba ce ta kwamitin, daidai da kowa a teburin. Tana da ikon a sa taron a lokacin da ya dace da ita, ko ta shiga ta waya. Tana iya zuwa da wanda ya san yaron, ƙanwarta ce ko malamin Islamiyya ko wani ɗan gari da ya san tsarin. Ba dole ta sa hannun amincewa a ranar ba, tana iya tafiya da takardar gida a karanta mata. Kuma wanda ke riƙon yaro, kaka ko goggo ko kawu, in tare suke zaune kuma shi ke matsayin iyaye, doka tana iya ɗaukarsa a matsayin uba ko uwa.

Wurin da ya kamata ido ya tsaya a takardar shi ne manufofin shekara. In aka rubuta cewa yaro zai inganta karatunsa, ba a faɗi komai ba, domin babu ranar da za a ce an gaza. In aka rubuta cewa yanzu yana karanta kalma ashirin a minti ɗaya, kuma zuwa ƙarshen shekara zai kai hamsin a littafin aji biyu, to an sami abin aunawa. Haka ma hidimomi: sau nawa a mako, minti nawa, shi kaɗai ko cikin rukuni, daga wace rana. Abin da aka yi alƙawari da baki bai shiga takarda ba, ba a bin bashinsa. Ana sake duba IEP aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake gwaji aƙalla duk shekara uku, amma kuna iya neman a zauna kafin lokacin.

Me ake nufi da ilimin da ya dace? Kotun Ƙoli ta taɓa maganar sau biyu. A 1982, a shari'ar Amy Rowley, yarinya kurma a jihar New York wadda iyayenta suka nemi tafinta a aji, kotu ta ce doka ba ta yi alƙawarin mafi kyawun ilimi ba, kuma tunda yarinyar tana cin jarrabawa tana wucewa aji na gaba, abin da aka ba ta ya isa. Wasu ƙananan kotuna suka miƙe ƙafa a kan wannan har suka ce ɗan ci gaba kaɗan ma ya wadatar. A 2017 aka zo da shari'ar Endrew, yaro mai galahanga a Colorado, wanda iyayensa suka lura manufofinsa kusan iri ɗaya ake maimaitawa kowace shekara. Alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce dole tsarin ya zama mai buri daidai da halin yaron, kuma ya kai shi ga ci gaba na gaske. Iyayen sun gane matsalar ne don sun jera takardun bara da na bana suna dubawa.

Wannan shi ya kawo mu ga fayil. Dokar FERPA ta 1974, wadda Sanata James Buckley na New York ya gabatar, ta ba iyaye ikon ganin bayanan da makaranta ke ajiyewa a kan ɗansu: maki, rahoton gwaji, tarihin horo, halarta da fashi, bayanan ɗakin shan magani na makaranta. Makaranta na da kwana 45 mafi yawa ta nuna muku. Ga yaron da ke ƙarƙashin IDEA kuwa, dole a nuna kafin taron IEP in kun nema, don kada a miƙa muku rahoto mai shafi ashirin kuna zaune a teburin. Za a iya karɓar kuɗin kwafi, amma ban da kuɗin nema, kuma kada kuɗin ya zama shi zai hana ku gani. Kwafin IEP da rahoton gwaji kyauta ne. Uwa da uba duka suna da wannan haƙƙi ko da aure ya mutu, sai in akwai umarnin kotu da ya hana. Abin da ba ya cikin fayil shi ne ɗan rubutun da malami ya yi wa kansa don tuni bai nuna wa kowa ba, da bayanan da sashen tsaron makaranta ya tara don aikinsa.

Labarin Miguel Perez ya nuna dalilin da ya sa takardar sakamako kaɗai ba ta isa ba. Kurma ne, iyayensa baƙi daga Meziko, ya yi makarantun garin Sturgis a jihar Michigan daga yana shekara 9 har 20. Kamar yadda ƙararsa ta bayyana, masu taimaka masa a aji ko dai ba su ƙware a yaren kurame ba, ko sukan bar shi shi kaɗai na awoyi, amma maki masu kyau ake ta rubuta masa. Iyayen suna murna, suna jiran difloma, wato takardar kammala sakandare. Saura 'yan watanni a yaye su aka ce ba zai samu ba. A 2023 Kotun Ƙoli ta ba shi damar neman diyya ƙarƙashin dokar kare masu naƙasa ta ADA. Sai dai diyya ba ta dawo da shekarun ƙuruciya da ya yi ba a koya masa harshe ba. Duk lokacin da na tuna shari'ar nan, iyayenmu ne ke faɗo mini a rai, masu ganin maki mai kyau su yi hamdala. A yi hamdalar, amma a tambayi matakin ajin da yaron yake karantawa a zahiri, a kuma nemi ganin gwajin da ya nuna haka.

In kun ga kuskure a fayil, kuna iya neman a gyara. In makaranta ta ƙi, kuna da ikon neman a saurare ku, in kuma ba ku yi nasara ba za ku rubuta naku bayanin a maƙala shi a fayil ɗin, duk inda aka kai wannan shafin da shi za a tafi. Wannan hanya ba ta sauya makin da malami ya bayar bisa hukuncinsa ba ce. Ta gyara abin da ba daidai ba ce, kamar a rubuta yaro ya yi faɗa alhali ranar yana kwance a asibiti.

Ɗaya ɓangaren FERPA shi ne wa zai gani. Ƙa'ida ita ce sai da izininku a rubuce, amma akwai ƙofofi: ma'aikatan makaranta masu buƙatar sani don aikinsu, makarantar da yaro zai koma, halin gaggawa na lafiya ko tsaro, da sammacin kotu, wanda galibi dole a yi ƙoƙarin sanar da ku kafin a miƙa. Ƙofar da ta fi faɗi kuwa ita ce ta bayanan da doka ta ɗauka ba sirri ba ne, irin su suna, adireshi, lambar waya, hoto, ranar haihuwa da wurin haihuwa. Makaranta na iya bayar da waɗannan ba tare da tambayarku ba, sai in kun rubuta cewa ba ku yarda ba. Takardar ƙin yardar takan zo ne cikin tarin takardun farkon shekara, da wa'adi gajere. Ga iyalin da maganar takardun zama ke damu, wannan shafi ɗaya ya cancanci a neme shi. A sakandare ma masu ɗaukar soja suna da ikon karɓar suna da adireshi da waya in ba a ƙi ba. Naƙasar yaro dai ba ta shiga cikin irin waɗannan bayanai.

To in an saɓa fa? Duk lokacin da makaranta za ta sauya wani abu, ko ta ƙi abin da kuka nema, dole ta ba ku sanarwa a rubuce da dalilanta. Neman wannan takarda kaɗai yakan sa a sake tunani, domin cewa a'a da baki ya fi sauƙi. In gwajin ne bai gamsar da ku ba, kuna iya neman wani masani daga waje ya sake yi da kuɗin gunduma, ita kuma ko ta biya ko ta je gaban mai shari'a ta kare nata. Bayan haka akwai sulhu, kyauta, in ɓangarorin biyu sun yarda. Akwai ƙorafi ga ma'aikatar ilimi ta jiha a kan abin da bai wuce shekara ɗaya ba, a ba da amsa cikin kwana 60, kuma ba ya buƙatar lauya. Na ƙarshe shi ne zaman shari'a gaban mai sauraron ƙara, wanda ake shigarwa cikin shekara biyu a yawancin jihohi. Muddin ana wannan shari'ar, yaro yana nan a tsarin da yake, ba a taɓa shi.

A kan horo ma akwai kariya, kuma iyayen yara maza su riƙe ta. In za a dakatar da yaro mai IEP fiye da kwanakin makaranta goma a jere, dole a zauna da iyaye a duba ko larurarsa ce ta jawo halin, ko kuma makaranta ce ba ta aiwatar da tsarinsa ba. In haka ne, ba a hukunta shi kamar sauran, sai a gyara tsarin. Makami da ƙwaya da yi wa wani mummunan rauni su ne aka ware, a nan ana iya kai shi wani wuri har kwanakin makaranta 45. Ko an dakatar da shi fiye da kwana goma, karatunsa ba ya tsayawa.

Ba zan ɓoye raunin tsarin ba, domin yana da shi, kuma talaka yake faɗa wa. Majalisa ta yi niyyar gwamnatin tarayya ta riƙa biyan har kashi 40 cikin 100 na matsakaicin kuɗin ɗalibi a kan kowane yaro mai naƙasa, amma a yawancin shekaru abin da take bayarwa bai kai rabin haka ba, sauran ya koma kan jihohi da gundumomi. Shi ya sa gunduma ke da dalilin yin ƙwauro. A 2005 Kotun Ƙoli ta ce wanda ya shigar da ƙara shi zai kawo hujja, wato galibi iyaye, ko da yake jihar New York ta mayar da nauyin kan gunduma a yawancin ƙararraki. A 2006 ta ce ko iyaye sun yi nasara ba za a mayar musu da kuɗin masanin da suka ɗauko ba, sai na lauya. A ɓangaren FERPA kuwa, tun shari'ar jami'ar Gonzaga a 2002 ba a iya maka makaranta a kotu da wannan doka, sai dai ƙorafi ga Ma'aikatar Ilimi ta tarayya cikin kwana 180. Sakamakon duk wannan a fili yake: iyalin da ke da lauya da lokaci da Turanci sun fi cin moriyar dokar da aka yi domin kowa. Direban tasi da mai aikin kula da tsofaffi a gidaje, waɗanda fashin yini ɗaya ke rage musu kuɗin haya, su ne aka fi bari a baya. Abin da ke ɗan rage tazarar shi ne kowace jiha tana da cibiyar horar da iyaye da ba su bayani, wadda gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinta, kuma taimakonta kyauta ne. Ƙungiyoyinmu da masallatanmu a can za su yi babban aiki in suka sami mutum ɗaya ko biyu da suka koyi tsarin, suna raka iyaye taro.

Haƙƙoƙin nan suna da ranar ƙarewa a hannun iyaye. Kafin yaro ya cika 16, dole IEP ɗinsa ya ƙunshi shirin rayuwa bayan sakandare, jami'a ce ko sana'a ko aiki, kuma a nan ne ya kamata a tambaya ƙarara ko difloma cikakkiya yake nufa ko takardar shaidar halarta kawai. Da ya cika 18, ko ya shiga jami'a, ikon fayil ya koma hannunsa, kuma a yawancin jihohi ikon yanke shawara a kan IEP ma haka, bayan an sanar da shi shekara guda kafin lokacin. Jami'a ba ta aiki da IEP, shi ɗalibin ne zai je ofishin masu buƙata ta musamman da takardunsa ya nemi sassauci. Gunduma kuma tana iya lalata tsofaffin bayanan ilimi na musamman in ta daina buƙatarsu, bayan ta sanar da ku. Saboda haka kafin a yaye shi ku karɓi kwafin gwajinsa na ƙarshe da IEP na ƙarshe da taƙaitaccen rahoton da makaranta ke bayarwa a kan abin da ya iya, ku zauna da shi ku karanta tare.